Shago Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ni na shimfiɗa tayil ɗin da kake takawa,
fari mai jijiyar toka, daga Ƙofar Ruwa aka lodo shi,
kwali ɗari huɗu da tara, uku sun fashe a hanya.
Wata biyu da kwana shida ina durƙushe,
har gwiwata ta yi kanta irin ta raƙumi.

Ƙarƙashin tayil akwai siminti.
Ƙarƙashin siminti, jar ƙasa, tifa bayan tifa.
Ƙarƙashin jar ƙasa, sharar shekara goma.
Ƙarƙashin shara kuwa
kududdufin da na koyi iyo a cikinsa.

Ban ce aljanna ba ne.
Sauro ke sarauta a wurin, kwaɗi na yi masa fadanci.
Ya ci ɗan akuyar Hansatu,
ya ci ƙanen Sammani wata Laraba,
muna tsaye a baki, takalmansa a hannuna.
Amma daga cikinsa kakanni suka haƙo ƙasar gidajenmu,
kuma duk ruwan da ya gangaro daga lungunan Gwale
nan yake zuwa ya kwana.

Sai ga mai awo da ƙarfensa mai ƙafa uku.
Ya kafa, ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya.
Na daɗe ina tunanin idon nan da ya rufe.

Yanzu shago sittin da biyu ne, hawa uku.
Mai waya, mai atamfa, mai maganin ƙwari,
'yan Damagaram na sauke buhu da asuba,
'yan Maraɗi na ciniki da kalkuleta,
janareta na tari a bayan matakala.
Zinatu, 'yar yayata, ta sami lungu ƙarƙashin bene,
tana cire wa mutane kuɗi da ɗan injinta,
ita ke biya wa ƙannenta makaranta.
Wa zan ce wa wannan ba alheri ba ne?
Ni kaina da kuɗin aikin na sayi babur,
na kama rabin fuloti can wajen Janguza.
Ranar da na je kafa turaku
na tarar da kututturen dawa bai gama bushewa ba,
wani tsoho a gindin ɗorawa yana kallona
irin kallon da na yi wa mai awo.
Na gaishe shi. Ya amsa. Na buga turakuna.

A watan Agusta, daren wata Asabar,
ruwa ya gangaro yadda ya saba.
Ya iso, ya tarar da ƙofar ƙarfe da kwaɗo,
ba irin kwaɗon da ya sani ba.
Ya zaga, ya zaga,
sannan ya juyo cikin unguwa yana tambaya gida-gida.
Ya shiga ɗakin Inna har gindin gado,
ya ɗaga tabarma, ya leƙa tukunya,
ya jingina da katangar Malam Lawandi, ta kwanta.
Inna na kwarfa da ƙwarya, ko tsaki ba ta yi ba.
Ta ce, baƙo ne aka rushe wa masauki,
ina kake so ya je?

Shago mai lamba goma sha bakwai
shi ne daidai inda ya fi zurfi.
Duk damina tayil ɗinsa sai ya yi gumi,
mai shagon ya kira ni, ransa a ɓace.
In durƙusa, in ƙwanƙwasa da ƙotar cokali,
in kara kunnena a ƙasa kamar mai sauraron ciki.
Ya ce, me ka ji?
In ce, siminti ne bai kama ba, ranka ya daɗe.
In ɓamɓare huɗu, in sa huɗu,
in karɓi kuɗina, in ƙirga,
in ce masa sai baɗi.